Danna Rabi Ka Riƙe

Malam Muntaka mutum ne da bai san sassauci a hannu ba. Aikin gwamnatin da ya yi a Dutse, kusan duka a teburin buga wa takardu hatimi ya yi shi, kuma duk wanda ya zauna a ofishin zai gaya maka cewa idan Malam Muntaka ya sauke hatimi a kan takarda, har masinjan da ke gyangyaɗi a bakin ƙofa sai ya zabura. In ya rufe ƙofar mota sai direba ya leƙo ya duba. In kuwa ya yi musabaha da kai, ka ƙirga yatsunka kafin ka mai da hannu aljihu.

Da ya yi ritaya, abokan aikinsa kowa ya kama abin yi. Wani ya zuba kaji, wani ya kafa injin markaɗe. Shi kuwa ya shiga Kano ya dawo da kyamara, baƙa, mai nauyi, da dogon hanci kamar na butar shayi.

Matarsa Rabi'atu, wadda kowa ke kira Rabi, ta juya ta sama da ƙasa ta ce, "Abban Zakiyya, duk wayoyin da ke gidan nan ba su ishe mu hoto ba?"

Ya ce, "Ba don ku na saya ba. Don Dada ne."

Dada ita ce mahaifiyarsa. Tana zaune a wani ƙauye kusa da Miga, a gidan ƙanensa, kuma tun da Allah ya yi ta ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto don ajiya ba. Jikoki sun yi lallashi, sun yi dabara, sun ɓuya bayan rumbu da waya, duk a banza. Da ta ga an ɗaga waya sai ta ja mayafi. Hujjarta ɗaya ce: waya abu ce da ake cusawa a aljihu a shiga da ita bayan gida, ita kuwa ba za a kai ta can tana ji tana gani ba.

Abin da ya sauya mata ra'ayi ba wa'azi ba ne, ba kuma roƙo ba. Goggo Hassana ce, ƙawarta tun suna ɗaukar ƙwaryar nono tare. 'Ya'yan Goggo Hassana sun yi mata babban hoto, an sa shi a gilashi an rataye, sai ta shiga aiko wa Dada da cewa ta zo ta sha fura, alhali furar ba ta fi ta gidan kowa ba. Dada ta je, ta gani, ta dawo. Da Malam Muntaka ya zo gaisuwa sai ta ce da shi, tana kallon wani waje, "Kai, Ɗan Birni." Haka take kiransa, domin ɗan fari ne, ba ta faɗar sunansa. "In akwai irin akwatin nan na masu hoto na gaskiya, ba waya ba, to sau ɗaya. Kuma da Fure za a yi."

Fure saniyarta ce, wadda ta rage mata daga garken da aka raba wa 'ya'ya.

Ranar da zai koma da kyamarar, Malam Muntaka ya zauna da safe yana latse-latse a allonta. Ya iske wani wuri da aka jera 'yan zanuka: kan mutum, kan kyanwa, da mota. Ya yi tunani irin na mai hankali. Ƙauye za shi, wajen dabbobi, kuma har da saniya a hoton. Sai ya zaɓi kyanwar, ya rufe, ya ji daɗin kansa.

Ƙarshen damina ne, gero ya yi kai, ko'ina kore shar. Dada ta fito da baƙin saƙinta na ajiya, ta sa 'yan kunnen azurfa, ta tsaya a gindin tsamiya ta dafa wuyan Fure. Malam Muntaka ya ɗaga kyamara. Ya ga wani ɗan akwati yana tsalle-tsalle a allo, amma rana ta haske allon, tabaransa kuma na mota. Ya ce, "Bismillahi," ya danna maɓallin yadda ya saba danna komai. Ya ƙara, ya kuma ƙarawa.

Dada ta ce, "An gama?"

"An gama, Dada."

"Ashe abin ba ya ciwo."

Da ya koma Dutse bai tsaya dube-dube ba. Ya ba mai wanke hoto katin, ya ce a zaɓi na farko a yi shi babba, wanda ya fi na Goggo Hassana ko da da taki ɗaya ne, a sa a gilashi a naɗe. Da aka kawo, sai ya kira maƙwabcinsa Alhaji Yahuza, tsohon abokinsa kuma abokin tsokanarsa, ya shigo zaure, Rabi ta tsaya daga bakin ƙofa. Ya yage takardar a gabansu.



Fure ta fito tar. Ana ganin gashin idonta ɗaya bayan ɗaya, ana ganin danshin hancinta, har wani ƙuda da ya sauka a gefen idon ana ganin fukafukinsa. A gefenta kuwa akwai wani abu baƙi-baƙi, dogo, dishi-dishi, mai ɗan haske a inda kunnuwa ya kamata su kasance.

Alhaji Yahuza ya gyara hula ya matso. Ya ce, "Masha Allah. Saniya dai ta yi kyau. Wannan hayaƙin na gefe, shara ake ƙonawa?"

Malam Muntaka ya ce, "Dada ce."

"Allah ya ba ta lafiya. Tun yaushe ta koma haka?"

Rabi ta juya ta shige gida da sauri, amma har daga zauren ana jin dariyarta a madafi. Malam Muntaka ya ɗauko tabarau ya bi sauran hotunan a allo. Duka haka suke. A wani ma Fure ta juya kai, amma kyamarar ta bi ta ta kamo idon, ta bar Dada a hazo.

Bayan kwana biyu ƙanensa ya kira, ya ce Dada na son magana. Magana a waya ba ta dame ta ba, muddin ita ce a wajen wayar.

"Ɗan Birni, hoton fa?"

"Ana wankewa, Dada."

"Har yanzu? Bargo ne?"

Ya ce in sha Allahu yana tafe.

Ya gwada kyamarar a kan duk abin da ya gani a gida, abin ya ƙi. In ya nufi Rabi, sai ta kamo akuyar maƙwabta da ta leƙo ta katanga. In babu dabba a kusa sai ta kama abin da ta ga dama: igiyar shanya, bokiti, duwatsun da ke can bayan unguwa. Alhaji Yahuza ya ce shi a ganinsa kyamarar Bafillatana ce, ta fi sanin darajar dabba a kan ta mutum, a mai da ita ruga kawai.

Asirin ya tonu ne wata Litinin da la'asar. Malam Muntaka yana azumin nafila, yunwa ta sassauta masa gaɓoɓi, yana kishingiɗe a tabarma da kyamara a ƙirji. Ya nufi buta da ita ba da niyyar komai ba, yatsansa ya kwanta a kan maɓallin babu ƙarfi. Sai ya ji ƙit-ƙit. Ɗan akwatin ya tsaya cak a kan butar, ya koma kore. Hoto bai ɗauku ba.

Ya tashi zaune. Ya tabbata ya lalata ta. Nan take ya kira Idirisu, wanda ya sayar masa da ita a Kano, ya ce kyamara ta fara kuka kamar ɗan tsako.

Idirisu ya ce, "Baba, ai lafiyarta ke nan. Maɓallin hawa biyu ne. In ka danna rabi sai ta nemo abin da za ta kama, in ta kama ta yi wannan kukan, akwatin ya yi kore. To ta kulle saitinta a nan. Kada ka ɗaga yatsa. Sai ka karkata ta yadda kake so hoton ya zauna, sannan ka ƙarasa dannawa."

"To me ya sa take bin dabbobi?"

"Dabbobi kuma? Baba, ko ka taɓa wajen nan mai zanen kyanwa?"

Malam Muntaka ya yi gyaran murya ya ce mai yiwuwa hannu ya goga.

Idirisu ya bi da shi sannu a hankali har suka kashe kyanwar, suka bar akwati ɗaya tal a tsakiyar allo, wanda ba ya zuwa ko'ina sai inda aka ɗora shi. Ya ƙara da cewa, "Abu ɗaya, Baba. In ta kulle, nisan da ke tsakaninku ta riƙe. In mutumin ya matso, ko kai ka ja baya, to sai sabon lale."

Jin magana daban, yatsa ya yarda daban. Yatsan da ya yi shekara da shekaru yana sauke hatimi bai san wani wuri tsakanin sama da ƙasa ba. Da ya taɓa sai ƙarau, hoto ya ɗauku. Rabi ce ta sha wahalar koyon. Tana tsintar shinkafa zai ce ta tsaya. Tana shara zai ce ta ɗago kai. Ranar nan ta ɗauko tukunyar miya daga wuta da tsumma, ya tare ta a tsakar gida.

"Tsaya a nan! Kada ki motsa!"

"Abban Zakiyya, da zafi!"

"Ya kusa yin kore."

"Hannuna ne zai yi ja!"

A hankali dai yatsa ya fara jin magana. Ya gano cewa in ya riƙe numfashi, ya manna gwiwar hannu a haƙarƙari, yana iya tsayar da shi a rabin hanya. Sai dai fuskarsa kan murtuke kamar mai ɗaga buhun gero, har Rabi ta ce in haka zai yi a gaban Dada, za ta ɗauka ciwon ciki ne ta sa a jiƙa masa sabara.

Ranar Asabar suka kama hanya su biyu, ta Kiyawa da Jahun. Hoton farko an bar shi a gida a bayan kujera, fuskarsa na kallon bango.

Bayan an gaisa an sha ruwa, Malam Muntaka ya sunkuyar da kai ya ce a yi haƙuri, sai an sake.

Dada ta ce, "Sau ɗaya na ce."

"Wancan bai kama ki ba, Dada."

"Wa ya kama?"

"Fure."

Dada ta ce, "To ai ya san abin kamawa." Amma ta tashi ta shiga ɗaki ta ɗauko saƙin.

Aka koma gindin tsamiya. Ƙanensa ya janyo Fure. Malam Muntaka ya sa tabarau, ya gyara tsayuwa, ya fara yi wa Dada bayani don kada ta motsa. Kunnenta ya ɗan yi nauyi, don haka ya ɗaga murya.

"Wannan karon rabi zan danna in riƙe!"

Dada ta saki wuyan saniya. "Wa za ka danne?"

"Rabi, Dada! Rabi kawai zan danna!"

"Me ta yi maka? Yarinyar da ta haifa maka 'ya'ya, ta yi jinyata da na karye? Rabi, zo nan bayana. In ga wanda zai danne ki ina raye."

Rabi ta durƙushe a wurin tana dariya har da hawaye, ta kasa bayani. Sai da ƙanen ya matsa kusa da kunnen Dada ya ce maɓalli ake nufi, ba a kai shi ƙasa, a tsaya a tsakiya. Dada ta ce to a riƙa faɗin magana da kyau, ta koma ta dafa saniyarta, amma ta ci gaba da hararar ɗanta ta wutsiyar ido.

Ya ɗora akwatin a kan fuskarta. Ya riƙe numfashi. Yatsa ya sauka a hankali. Ƙit-ƙit. Kore. Ya karkata kyamarar kaɗan don Fure ta shigo da ƙahoninta duka. Saura ya ƙarasa.

"Salamu alaikum!"

Goggo Hassana ce, da sandarta, ta ji labarin an zo da akwatin hoto. Dada ta juya kai ta amsa, ƙafafunta dai ba su gusa ba. Malam Muntaka ya ce a ransa, saiti na nan, bari su gama ta juyo. Ya riƙe.

"Kin wuni lafiya?"

"Lafiya lau. Ya ƙafar?"

"Da sauƙi. Ya shanu?"

"Sun gode Allah. Ya wajen su jikarki Safina?"

"Lafiya suke. An ce ɗan nata ya yi haƙori."

"Kai, madalla. Na sama ko na ƙasa?"

Yatsan Malam Muntaka ya fara rawa. Gumi ya gangaro ta ƙarƙashin hula ya shiga tabarau. Wani ƙuda ya sauka a kan hancinsa ya zauna kamar ya biya haya. Daga haƙori aka koma kan geron bana, daga gero aka koma kan wata mata da ta rasu a Garki, aka yi mata addu'a, aka shafa.

Sai Goggo Hassana ta waiwayo. "A'a, wannan ba Muntaka ba ne? Sannu da zuwa."

Ya amsa daga bayan kyamara, a tsaye ƙiƙam, ta gefen baki, "Ina wuni, Goggo."

Goggo Hassana ta dube shi daga sama har ƙasa, ta dubi Dada. "Ikon Allah. Yanzu a Dutse a tsaye ake gaida manya?"

Nan fa ido ya raina fata. In ya durƙusa saiti ya tafi. In bai durƙusa ba, kafin magariba ƙauyen nan kaf an ji cewa ɗan Dada ya yi ritaya daga aiki ya yi ritaya daga ladabi. Ya dubi koren akwatin kallon ban kwana, ya saki yatsa, ya zube ƙasa. "Ina wuni, Goggo. Mun same ku lafiya?"

"Yanzu na ji gaisuwa."

Da ya miƙe sai ya iske yatsan ya ƙage, ya lanƙwashe kamar ƙugiya. Rabi ta kama tana ja tana murzawa, Goggo Hassana ta samu turmi ta zauna tana ba da shawara: ita da aka yi nata, mai hoton bai yi wannan gumin ba, a gaya wa Dada ta rufe baki, a kawar da saniyar nan, wa ya taɓa ganin hoto da saniya.

Dada ta ce, "Wanda ba shi da ita ne bai gani ba."

Aka sake tsayawa. Ya ɗora akwati, ya danna rabi, ƙit-ƙit, ya karkata. A daidai lokacin Fure, wadda ta gaji da tsayuwa, ta miƙo dogon harshenta ta lashi Dada tun daga haɓa har kunne. Dada ta ce, "Ke, 'yar banza!" ta fashe da dariya, hannunta ɗaya a kan goshin saniyar. Ba ta matsa ba. Malam Muntaka ya ƙarasa dannawa, a hankali, kamar mai taɓa ƙwai.

Suka shiga inuwar ɗaki don a ga allon da kyau. Ya ƙara girman hoton ya miƙa mata, Rabi ta riƙe mata kyamarar. Komai ya fito fes: layukan goshinta, shuɗin zanen da aka yi mata a gefen baki tun tana budurwa, giɓin haƙoranta, 'yan kunnen azurfa, da idanunta da suka ƙanƙance don dariya.

Dada ta daɗe tana kallo.

Can ta ce, "Wannan ai Innata ce." Ta kai yatsa kusa da allon, ba ta taɓa ba. "Haka take dariya in tana tatsa. Ashe nan ta ɓuya."

Malam Muntaka bai taɓa ganin kakar tasa ba, ta rasu kafin a haife shi. Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga.

Goggo Hassana ta leƙo ta ce, "Baki dai a buɗe yake."

Dada ta ce, "A buɗe nake so. Ɗan Birni, ka wanke shi. Kuma kada ya daɗe a ruwa irin wancan."

Da la'asar suka kamo hanyar gida, da ƙwaryar nono a ƙafar Rabi da zabi biyu a bayan mota suna ta surutu. Malam Muntaka yana tuƙi yana ɗan waƙe-waƙe a ƙasan maƙoshi. Sun wuce Jahun sai Rabi ta ce, "Abban Zakiyya, in za ka kai na Dada, ka haɗa da nawa guda ɗaya. Akwai wanda ka ɗauke ni ranar Alhamis a bakin ƙofa, da shuɗin mayafi. Na ga ya yi kyau."

Waƙar ta tsaya.

"Wanne?"

"Na bakin ƙofa."

Ya gyara riƙon sitiyari. Ya ce, "Ai waɗannan na gwaji ne. Jiya na goge su duka, don a samu wuri."

"Duka?"

"Har da na butar."

Rabi ta juya ta kalli gonaki. Haka ta yi ta kallon su har Kiyawa, inda ya tsaya ya sayo mata tsire mai zafi, ba tare da ta tambaya ba. Ta karɓa, ta ci, ta ba shi yanka ɗaya. Sai da suka hango duwatsun Dutse sannan ta ce gobe da hantsi za ta yi kwalliya, za ta zauna a kujera a inuwa, kuma wannan karon shi ne zai jira har sai ta ce ta shirya.

Ya ce, "To."